Taku Uku Bayan Jan Ƙyalle

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, ya ƙarfin jiki, ya ido na biyu da aka yi wa aiki? Inna tana gaishe ka, ta ce kada ka kuskura ka cire bandejin kafin likita ya ce, wai ta san halinka tun kuna yara. Ina kuma gaida 'yarka mai karanta maka wannan takarda. In ta ga kuskuren rubutu ta haɗiye abinta, kowa ya san a aji shida na tsaya.

Na zaɓi takarda ne don a waya kai ba ka ji sosai, ni kuma ba na iya tsara zance da sauri. Direban motar kwaleji yana bi ta garinku Talata da Juma'a, ya ce zai riƙa kai mana.

Kawu, mun ci kofi. Na san an faɗa maka, amma ina so ka ji daga bakin wanda ka bar wa bokitinka da igiyarka. Shekara ashirin da biyar kana zana filin nan ba ka ga wannan rana ba, to ga ta, a filinka aka yi.

Farkon kakar ba daɗi. Wasan farko a waje aka zuba mana uku ba ko ɗaya, muka dawo a mota ba mai tari. Sabon kocin da aka kawo bayan tafiyarka wani ɗan gajere ne, ba ya ihu, kullum da alli a aljihu. Cikin sababbin ɗalibai ya tsinto yara biyu masu gudu. Na gefen dama ana ce masa Zomo, na hagu Tsinke, don in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Su ne suke sheƙawa da ƙwallo ta gefe su ɗago ta tsakiya, inda Goshi yake jira. Goshi ka san shi, wanda ƙafarsa ba ta taɓa cin komai ba, amma kansa kamar guduma.

A waje mun yi ta faɗi tashi, mu ci yau a ci mu gobe. Amma a gida, Kawu, wasa takwas, mun ci bakwai, ɗaya canjaras. Har ɗalibai suka fara cewa filinmu ba ya son baƙo.

Wasan ƙarshe da 'yan kwalejin gona ne, duk wanda ya ci shi ke da kofi. Su suka fara zura mana, minti goma da farawa. Dogo mai tsaron gida ya zauna a ƙasa yana kallon safar hannunsa kamar ita ta ci amanarsa. Bayan hutun rabin lokaci Tsinke ya ɗago, Goshi ya sa kai, ɗaya da ɗaya. Saura minti huɗu Zomo ya karɓi ƙwallo dab da layi, ya bi layin nan kamar mai tafiya kan katanga, 'yan bayansu biyu suna ɗaga hannu wai ta fita, alƙali bai ko kalle su ba. Ya shigo, ya buga da kansa. Ban ga shigarta ba, ragar na ga ta kumbura.

Mai dafa abincin ɗalibai ta shigo fili da ludayi a hannu, da gudu, matar da kullum take kukan gwiwa. Yara suka ɗaga Koci sama, suka ɗaga Dogo, daga nan wani ya ce a ɗauko mai layi. Haka suka ɗaga ni da bokitin a hannuna, farar ƙasa ta zube wa Kyaftin a ka, ya karɓi kofi fari fat kamar tsoho. Hoton yana manne a ofis.

Yanzu ga maganar da ta dame ni. Ka san gwaji aka ɗauke ni, na kaka ɗaya. Darakta ta wasanni ta ce ranar Alhamis, nan da mako biyu da 'yan kwanaki, za ta zo ta duba filin da tef ɗin awo, daga nan kwamiti ya zauna a ga ko za a bar ni. Akwai mutum biyu da suka nema, duka da takardun makaranta. Ta ce tana son takarda daga gare ka, ka shaida cewa yadda ka koya min haka nake yi. Don Allah ka taimaka da ita.

Sai wata 'yar tambaya, ba ta gaggawa ba. Jan ƙyallen nan biyu da ke ɗaure a igiyar awo, ɗaya kusa da kowane ƙarshe, na mene ne?

Ka huta lafiya. Allah ya ƙara sauƙi.

Ɗan ƙanwarka

*

Zuwa ga ɗana,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, an karanta min sau uku, na uku don wannan yarinyar ta yi sauri a wajen ƙwallo ta biyu. Ido da sauƙi. Ka ce wa uwarka bandeji yana nan, ta daina aiko min da umarni, ni ne babba.

Na yi murna ƙwarai. Na sa an kira maƙwabci da mai shagon bakin titi an sake karanta musu, don su san ba ƙarya nake musu ba in na ce filina ba irin sauran ba ne. Fili mai kyau shi ke cin wasa, yara gudu kawai suke yi a kai. Shekara ashirin da biyar ina yi masa hidima, dole wata rana ya biya. Abin takaici sai da na juya baya ya biya, kamar kazar da ba ta ƙwai sai an bayar da ita.

Goshi kuwa tun shekararsa ta farko na ce wa tsohon kocinsu ya daina ba shi ƙwallo a ƙasa, bai ji ba. Ka gaishe shi. Ka ce wa Dogo ya daina tsalle kafin a buga.

Wa ya ce ka shiga murna da bokiti a hannu? Farar ƙasa ba a wasa da ita, in ta shiga idon yaron mutane fa? Ka rufe buhunan da suka rage, ka ɗora su kan katako, kada su taɓa ƙasan sito.

Takardar Darakta zan sa a rubuta, wannan ba abin damuwa ba ne. Masu takardun makaranta su zo su ja layi miƙaƙƙe na mita ɗari mu gani.

Amma kafin nan ka amsa min abu ɗaya. In ka ninka igiya biyu, ka sa tsakiyarta a tsakiyar raga, ka ja hagu da dama kamar yadda na ce maka a asibiti, a ina kake kafa turken kwana? Ka faɗa min daidai, kada ka yi min kwana-kwana.

Kawunka

Ƙari daga mai rubutu: Malam Kunkuru, sannu da cin kofi. Kuskurenka goma sha ɗaya ne, na haɗiye, har yanzu suna min nauyi a ciki. Amma ka ji. Baba yana ta dariya da bugun cinya har na zo kan tambayarka ta jan ƙyalle. Nan take ya daina dariya, ya ajiye shayinsa bai ƙarasa ba, ya tashi yana auna tsakar gida da taku, mutumin da aka hana yawo. Na san ka. Ba ka tambayar abin da ba ka riga ka san amsarsa ba, kuma duk abin da ka ce ba na gaggawa ba ne, shi ne yake hana ka cin abinci. Ka faɗi gaskiya a takarda ta gaba, in ba haka ba in rubuta wa Inna.

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida mutanen gida da sakatariyarka mai ƙirga laifin mutane. Ba sai ta rubuta wa Inna ba, ga gaskiyar.

A ƙarshen igiya nake kafa turke, Kawu. Ba a jan ƙyalle ba.

Ka tuna yadda abin ya zo. An kwantar da kai ba shiri, dogon hutu ya wuce da ruwa, ciyawa ta kai gwiwa. Da aka yanke ta babu ko alamar layi. A asibiti ka ce min in ninka igiya, tsakiya a tsakiyar raga, in ja hagu da dama. Ba ka ambaci ƙyalle ba, ni kuma na ɗauka wurin riƙewa ne don kada igiya ta ci hannu. Na ja ta har ƙarshe, na kafa turke, na zuba farar ƙasa. Layin ya miƙe kamar an sa rula, har na tsaya ina yaba kaina.

Bayan wasanmu na uku a gida aka yi mako biyu ba ruwa. Wata safiya na shigo da raɓa, sai na ga wani zane ɗorawa-ɗorawa a cikin fili, yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da layina, taku uku manya daga ciki. Gefe biyu duka. Inda aka shekara ana zuba farar ƙasa ciyawa ba ta fitowa da ƙarfi. Na ɗauko igiya na gwada. Daidai kan jan ƙyallen ya faɗa. Nan na gane layinka ne, nawa kuwa a waje yake.

Na nufi wurin Koci in faɗa masa. Na same shi gaban allo yana ce wa Zomo, "Ka manne wa layi kamar kaska, kada ka shigo sai ka ga ƙarfen raga." Mun ci wasa uku a jere a gida, abin da ba a taɓa yi ba. Na tsaya a bakin ƙofa, ya ce lafiya, na ce alli na zo tambaya ko ya ishe shi.

Kyaftin ne kaɗai ya taɓa shinshino abin, da yake shekararsa ta uku ce. Wata rana yana haki ya ce min, "Mai layi, ko dai filin nan ya yi ƙiba a hutu, ko ni na tsufa." Na ce tsufa ne. Muka yi dariya.

Daga nan na koma zama kan bokiti a gefen fili da tsakuwa a hannu. Duk ƙwallon da muka ci, in ta faro daga tsakanin layinka da nawa, sai in sa tsakuwa a aljihun dama, in ba haka ba a na hagu. Mun ci goma sha tara a gida. Goma sha biyu suna aljihun dama. Na kuma lura da wani abu. Baƙin da suka saba zuwa filinmu, 'yan bayansu suna tsayawa ne inda tsohon layi yake, ƙafarsu ta haddace wurin ko da idonsu yana ganin sabon. Sai Zomo ya bi ta bayansu kamar an buɗe masa ƙofar baya. Ta ƙarshen nan da ta ba mu kofi, a filinka da ta fita, jifa ce ta 'yan gona.

Ban tsaya a shiru ba, Kawu, har da ɓoyewa na yi. Kullum ina ba zanen nan ruwa fiye da ko'ina, in an yi yanka in watsa masa ɗanyar ciyawa. Yanzu an yi hutu, an rufe famfon fili, zanen ya fito ɓaro-ɓaro kamar tabon ƙuna. Ko makaho ya taka zai ji.

Kwana biyu sun ishe ni in wanke layina in mayar da shi kan ƙyalle, Darakta ta zo ta tarar da komai yadda ka bari. Na cika bokiti sau biyu ina ajiyewa. In na yi haka, kamar na ce wa Zomo duk abin da ya yi a waje ya yi shi. In kuma na bari ta auna ta ga na ɓata fili, aiki ya tafi, ina tsoron kada kofin ma ya bi shi. Yaran nan har iyayensu sun zo sun ɗauki hoto da shi.

Ba zan roƙe ka ka shaida cewa yadda ka koya min nake yi ba, tunda ba haka ba ne. Ka dai faɗa min abin da zan yi. Saura kwana tara.

Ka yafe min.

Ɗan ƙanwarka

*

Zuwa ga ɗana,

Wa alaikumus salam. Ka zubar da ruwan bokitin nan, kada ka taɓa layin.

Kwana biyu yarinyar nan tana bi na da biro ina ce mata ba yau ba. Yau ta ce in ban yi magana ba za ta rubuta abin da ta ga dama ta sa sunana. To ka ji, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba, har uwar 'ya'yana.

Igiyar nan, tsawonta duka shi ne faɗin filin. Haka na gaje ta, haka na yi shekara bakwai ina ja har ƙarshe, kamar yadda ka yi.

Shekara goma sha takwas da suka wuce muna da wani koci mai ƙaton ciki da usur biyu a wuya. Yaransa a shekarar kamar buhunan siminti suke, ƙarfi kamar me, gudu babu. Za mu kara da wasu masu gudun tsiya. Ana jibi wasa ya same ni a sito ya ce, "Mai fili, ka matso min da layin gefe taku uku-uku, su rasa inda za su yi gudun." Na ce doka fa? Ya ce doka ta ba da dama, wannan ne iyakar ƙanƙantarta. Shi da kansa ya yage tsohuwar tutar kwana ya ɗaura a igiyar. Ya ce, "Ka bar shi haka sai na ce maka ka mayar." Muka tashi ba ci, ya rungume ni a tsakiyar fili.

Wata ɗaya bayan nan aka yi masa canjin wurin aiki. Ya tafi bai ce min in mayar ba.

Na ji tana dariya, ka ce mata ba abin dariya ba ne. Mutum ya ba ni umarni, bai janye ba. Shekarar farko ina jira ya aiko. Kocin da ya biyo shi bai tambaya ba, ni kuma ba a tambaye ni ba zan je in ce na rage fili? Na bayansa ma haka, da na bayan na bayansa. Da tafiya ta yi nisa sai abin ya zama kunya, daga baya na daina ganinsa ma, hannuna da kansa yake tsayawa a ƙyalle. Shi ya sa ban faɗa maka a asibiti ba. Ba ɓoyewa na yi ba, mantawa na yi cewa akwai sauran igiya.

Tun shekaranjiya nake lissafa yara masu gudu da suka bi ta filin nan. Akwai wani da ake kira Jirgi, kullum ƙwallo tana fitar masa, ana zaginsa wai ba ya gani. Allah ya sa yana lafiya inda yake.

Ko naka yana cikin doka, ban sani ba. Ban taɓa ganin littafin ba, maganar mai usur biyu kawai na riƙe, kuma ka ga inda riƙe maganarsa ya kai ni. Ba zan yi maka alkawarin komai ba. Ga takardar Darakta nan a ciki, na faɗi duk wannan, na kuma ce ba yadda na koya maka kake yi ba, kuma gara da ba ka yi ba. Amma kada ka miƙa ta sai ka fara faɗa da bakinka, kafin ta warware tef. Ni na yi shiru na shekara goma sha takwas, kai ka yi na wata shida. Ya isa haka a gidanmu.

Kawunka

Ƙari daga mai rubutu: Kunkuru, na yi dariya har biro ya faɗi, ya ce in fita, na ƙi. Amma da na karanta masa takardar Darakta don ya ji ko daidai ne, ya ce in ƙara cewa kai ne ka fi shi ido. Ya ce kada in faɗa maka. Ka sa riga mai kyau ranar Alhamis, ba wadda farar ƙasa ta cinye ba.

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan ka tashi lafiya. Ban rubuto ranar Juma'a ba don ina jiran kwamiti, sai jiya Litinin suka zauna. Bari in bi da kai daki-daki, kada sakatariya ta tsallaka zuwa ƙarshe.

Ranar Alhamis da hantsi Darakta ta zo da tabaranta da tef da wani ɗan littafi, Koci yana biye. Ta sa an kira Kyaftin ya riƙe mata bakin tef. Tana taka fili idonta ya sauka kan zanen. Kafin ta buɗe baki na ce, "Ranki ya daɗe, ina da magana kafin a auna."

Ta ce, "Mai tsawo ce?"

Na ce, "Taku uku ce, gefe biyu."

Na faɗa mata duka, har da ruwan da nake ba zanen da ciyawar da nake watsawa. Kyaftin ya saki tef ya ce, "Ashe ba tsufa ba ne. Wata shida ina shan maganin ƙarin jini saboda kai." Darakta ta kalle shi, ya sunkuya ya ɗauki tef.

Na miƙa mata takardarka. A tsaye ta karanta, fuska ba walwala. Da ta kai tsakiya na ga kafaɗarta tana motsi, ta juya mana baya kamar tana duba raga. Koci ya ce me aka ce, ta miƙa masa. Shi bai iya ɓoyewa ba, zama ya yi a ciyawa. Ka yi haƙuri, Kawu, ba dariyar raini ba ce. Da ya tashi cewa ya yi, "Da ina da ɗan baya ɗaya mai riƙe umarni irin na tsohon nan, da ba a ci mu ko ɗaya ba."

Aka ja tef. Nawa mita saba'in. Naka sittin da huɗu, ko faɗin yatsa bai ragu ba. Ta buɗe littafin ta sa yatsa ta karanta, daga sittin da huɗu zuwa saba'in da biyar duk daidai ne. Mai usur biyu bai yi maka ƙarya ba. Kofi yana nan daram.

Na ɗauka an gama, sai ta rufe littafin ta ce, "Layinka ba shi da laifi. Amma kai ba ka san haka ba. A saninka ka ɓata fili, kuma ka rufe shi da ciyawa. Me zai sa in ɗauki mutumin da ke ɓoye min abu, ga masu takarda biyu suna jira?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, ba ni da hujja. Tsoro ne, da kuma daɗin cin wasa. Kwana biyu sun ishe ni in goge shi ki zo ba ki ga komai ba, ban goge ba. Iyakar abin da nake da shi ke nan."

Koci ne ya ce in sake faɗin maganar tsakuwa. Na faɗa, na kai shi na nuna masa inda 'yan bayan baƙi suke tsayawa, har ramin da takalminsu ya yi yana nan, a kan layinka. Ya durƙusa ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ni duk kakar nan na ɗauka allina ne." Ya ce wa Darakta shi dai in ana jin tasa, mai layin nan yake so, kuma ranar wasa a kusa da shi zai riƙa zama, ba kan bokiti ba.

Da za su tafi Koci ya ce min, "Ka bar shi a saba'in sai na ce maka." Na ce, "To, Koci, amma in an yi maka canjin wurin aiki ka biyo ta sito kafin ka shiga mota." Nan Darakta ta kasa riƙe dariya.

Jiya da azahar aka kira ni ofis. An ɗauke ni, Kawu. Na dindindin. Ta ce da sharaɗin duk abin da na gani a fili, mai daɗi ko marar daɗi, ranar zan faɗa. Na fito na rasa inda zan nufa, sai na tsinci kaina a sito ina gyara buhunan da na riga na gyara. Inna tun jiya take shiga gidajen maƙwabta.

Sai dai aikin farko da ta ba ni ya tsaya min a wuya. Ta ce layi biyu yana rikita 'yan wasa da mai ɗaga tuta, in tone tsohon, in kwashe ƙasar da farar ƙasa ta cinye, in zuba sabuwa in dasa ciyawa kafin a dawo hutu. Yau da safe na ɗauki shebur na je na tsaya a kansa. Miƙaƙƙe ne, Kawu, daga kwana zuwa kwana babu inda ya karkace ko sau ɗaya. Na kasa sa masa shebur. Na ce sai na ji daga gare ka.

Allah ya saka da alheri, ya bar mana kai.

Ɗan ƙanwarka

*

Zuwa ga mai fili,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Allah ya sa albarka, ya sa ka daɗe a kai fiye da ni.

Tone shi. Ka fara daga gefen gabas, ƙasar ta fi laushi. Ka yi zurfin tafin hannu biyu, in ba haka ba zai sake fitowa, na san abin da na zuba a wurin. Ciyawar dashe ka ɗebo daga bayan raga, kada ka ɗebo ta bakin famfo, ba ta jure takalmi.

Ka gaida uwarka. Ka tashi ka kama aiki, hutu ba shi da tsawo.

Kawunka